Aƙidar Rubutaccen Wahayi a Kiristanci da Tasirinta a kan Rubutun Hausa, 1841–1979

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1932 aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki na Kiristoci cikin harshen Hausa a birnin Landan, da haruffan boko. Da wuya a sami wani littafin Hausa na boko da ya kai shi girma a wancan lokaci. Daga ranar da ɗan mishan na farko ya soma tattara kalmomin Hausa da niyyar fassara, watau 1841, zuwa ranar da aikin ya kammalu, an share shekara 91. A tsawon wannan zamani Hausawan da suka karɓi Kiristanci ba su taka kara sun karya ba, kuma mafi yawan biranen ƙasar Hausa a rufe suke ga masu wa'azin mishan. Duk da haka ba a fasa fassara ba.

Tambayar da ta dace manazarcin harshe ya yi ita ce, me ya sa mutane za su ƙarar da ƙuruciyarsu, wasu ma rayukansu, wajen juya littafi zuwa harshen al'ummar da ba ta nemi a juya mata ba? Amsar tana cikin aƙidar da Kiristoci, musamman 'yan Furotesta, suka riƙe, cewa babbar hanyar da Allah yake magana da ɗan Adam ita ce rubutaccen littafi, kuma littafin yana nan a matsayinsa na maganar Allah ko da an juya shi zuwa wani harshe. Wannan maƙala za ta bi asalin aƙidar a taƙaice, sa'an nan ta nuna yadda ta yi aiki a ƙasar Hausa ta fuskoki uku: zaɓen haruffa, zaɓen kalmomi, da yaɗuwar Hausa a tsakanin waɗanda ba Hausawa ba.

2.0 Asalin Aƙidar

Kiristanci ya tashi ne a cikin al'ummar Yahudawa, wadda tun da daɗewa ta ɗora addininta a kan rubutu. Attaura da littattafan annabawa da Zabura a naɗe suke cikin fatu, ana karanta su a majami'u kowace Asabar. Linjilar Luka ta ba da labarin yadda Annabi Isa, wanda Kiristoci suke kira Yesu Almasihu, ya miƙe a majami'ar Nazarat ya karanta littafin Annabi Ishaya, kuma Linjiloli sun sha nuna shi yana kafa hujja da abin da yake rubuce. Saboda haka mabiyansa na farko ba su ƙago girmama littafi ba. Gado suka tarar, abin da suka ƙara shi ne fahimtar cewa waɗannan littattafai shi suke nunawa.

Dalili na biyu ya danganci irin da'awar da addinin ya zo da ita. Kiristanci ya dogara ne a kan al'amuran da mabiyansa suka gaskata sun auku a wani wuri, a wani zamani, a gaban shaidu. Muddin shaidun suna raye, baki ya wadatar. Da suka fara ƙarewa, sai ya zama tilas a adana shaidarsu yadda ba za ta sauya ba. Wasiƙun Bulus, waɗanda aka rubuta wajen shekarun 50 na Miladiyya, su ne mafi tsufa a Sabon Alkawari, Linjiloli huɗu kuwa sun biyo baya a cikin ƙarni na farko. Ke nan a wurin Kirista, karanta Sabon Alkawari shi ne mafi kusa da zama a gaban manzannin da suka gani da idonsu.

Dalili na uku shi ne bukatar ma'auni. A ƙarni na 2 wani malami mai suna Markiyon ya yi watsi da littattafan Yahudawa baki ɗaya, ya tsara nasa gajeren jerin, wani kuma mai suna Montanus ya fito a Asiya Ƙarama yana da'awar sabon annabci. Irin waɗannan rigingimu suka matsa wa shugabannin ikilisiya su fayyace littattafan da za a dogara da su. A shekarar 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya a ƙasar Masar, ya aika da wasiƙa wadda ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a yau. Tun daga nan hukunci ya zama cewa duk wanda ya ce ya yi mafarki, ko ya ji murya, ko an nuna masa wani abu, to a auna maganarsa da abin da yake rubuce.

A bayan waɗannan dalilai na tarihi akwai dalilin aƙida, wanda Kiristoci masu jin Hausa suke taƙaitawa da kalmar hurarre. Suna kafa hujja da wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti da wasiƙa ta biyu ta Bitrus, inda aka bayyana cewa Ruhun Allah ne ya iza marubutan. Sai dai a lura, a fahimtar mafi yawan malamansu ba shifta aka yi wa marubutan ba. Kowane marubuci ya yi amfani da harshensa da salonsa da saninsa, Allah kuwa ya bi da shi har ya rubuta abin da aka nufa. Haka kuma ba su ce Allah ba ya magana ta wata hanya ba. Sun yarda yana bayyana ikonsa a cikin halitta, yana tsawata wa mutum ta lamirinsa, yana amsa addu'a. Abin da suka ce shi ne, duk waɗannan suna iya rikicewa a zuciyar mutum, littafi kuwa yana nan a fili, kowa yana iya komawa gare shi.

Aƙidar ta ƙara kaifi a Turai a ƙarni na 16. Martin Luther ya soma jayayya da hukumar Cocin Roma a 1517, a 1521 kuma ya tsaya a gaban majalisar sarki a birnin Worms ya ƙi janye ra'ayinsa sai an kawo masa hujja daga Littafi ko daga hankali bayyananne. Daga nan 'yan Furotesta suka ɗauki ƙa'idar cewa Littafi shi kaɗai ne hujja ta ƙarshe. Cocin Katolika ta amsa a taron Trent a 1546, ta tabbatar da cewa Littafi da koyarwar da aka gada daga manzanni tare suke tafiya. Sakamakon ra'ayin Furotesta a aikace shi ne, in Littafi ne hujja, to wajibi ne manomi da maƙeri su iya karanta shi da harshensu. Luther ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, cikakken Littafi kuma a 1534. William Tyndale ya fitar da na Ingilishi a 1526, aka kashe shi a 1536. Na'urar ɗab'i da Gutenberg ya fito da ita wajen 1455 ita ta sa wannan buri ya yiwu. Ƙungiyoyin da suka zo ƙasar Hausa daga baya jikokin wannan ra'ayi ne, irin su C.M.S. da aka kafa a 1799, da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Biritaniya da Ƙasashen Waje da aka kafa a 1804.

3.0 Matsayin Fassara

Ga mai karatu da ya tashi cikin al'adar Musulunci, girmama littafi ba baƙon abu ba ne, Alƙur'ani ma ya kira Yahudawa da Nasara Ma'abota Littafi. Inda hanyoyin suka rabu shi ne batun harshe. A Musulunci Alƙur'ani zancen Allah ne da lafazinsa na Larabci, duk abin da aka juya zuwa wani harshe kuwa bayanin ma'ana ne. Shi ya sa malaman ƙasar Hausa suka shafe ƙarnoni suna tafsiri da baki cikin Hausa da Fulatanci, amma salla da hadda suka tsaya a Larabci. Har ila yau malaman Musulunci suna riƙe da cewa littattafan da suke hannun Ma'abota Littafi ba su tsira daga canji ba, abin da Kiristoci ba su amince da shi ba.

A Kiristanci kuwa Kalmar Allah ta asali, bisa ga farkon Linjilar Yahaya, shi ne Almasihu kansa, littafi kuma shaida ne a kansa. Wasu masana kwatanta addinai sun lura cewa matsayin Alƙur'ani a Musulunci ya fi kusa da matsayin Almasihu a Kiristanci fiye da matsayin Littafi Mai Tsarki. Daga nan sauƙin fassara ya samo tushe. Annabi Isa ya yi wa'azi da Aramiyanci, amma Linjiloli da Girkanci aka rubuta su, watau maganarsa tun farko a fassare ta iso. Marubutan Sabon Alkawari ma sun yawaita amfani da fassarar Girkanci ta littattafan Yahudawa wadda aka soma a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Daga baya aka yi ta Latin a hannun Jerom a ƙarshen ƙarni na 4, aka yi ta Ƙibɗawan Masar da ta Habasha. Masanin nan ɗan ƙasar Gambiya, Lamin Sanneh, ya gina littafinsa na 1989 a kan wannan batu, inda ya nuna cewa Kiristanci ba shi da harshe guda da ya keɓe a matsayin harshen wahayi. Da wannan fahimta 'yan mishan suka dubi Hausa. A ganinsu harshe ne da ya isa ya ɗauki maganar Allah kai tsaye.

4.0 Schön da Dorugu

James Frederick Schön Bajamushe ne da ya yi wa C.M.S. aiki a Saliyo. A 1841 ya shiga ayarin da gwamnatin Ingila ta tura Kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, amma Schön ya komo da yaƙinin cewa Hausa ce mabuɗin cikin ƙasa, domin ya tarar fatake sun kai ta nesa da gidanta. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa, wanda ya tattara galibi daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo.

Aikin ya sami ƙarfi ne da zuwan Dorugu, wani saurayi daga ƙasar Damagaram wanda aka bautar tun yana yaro, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, ya kuma iso Ingila tare da shi a 1855 shi da abokinsa Abbega. Dorugu ya zauna a gidan Schön, yana faɗa ana rubutawa. Daga wannan zama aka sami fassarar Linjilar Matiyu a 1857, da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880, da kuma Magána Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. A gefe guda kuma Dokta William Baikie, wanda ya zauna a Lakwaja, ya fassara Zabura, aka buga ta a 1881 bayan rasuwarsa.

Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, kuma rubutunsa bai bambance wasu muhimman sautuka na harshen ba, don haka fassararsa ba ta sami masu karatu na a zo a gani ba. Amma abin lura shi ne tsarin aikin. Domin a fassara Linjila sai da aka yi nahawu, domin a yi nahawu sai da aka tara zance na yau da kullum. Ta haka bukatar addini ta haifar da littattafan farko na nazarin Hausa a Turai, ta kuma adana ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta cikin zuben Hausa. Dorugu ya komo Afirka, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

5.0 Ajami ko Boko

Waɗanda suka biyo bayan Schön sun tarar da abin da shi bai gani da idonsa ba, watau Hausawa suna da rubutunsu. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, balle bayansa, malamai suna rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. John Alfred Robinson na C.M.S., wanda ya rasu a Lakwaja a 1891, ya karkata ga ajami. Ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya tattara rubuce-rubucen ajami ya buga su a 1896, sa'an nan ya fitar da ƙamusunsa a 1899 da 1900. A ƙarshen ƙarni na 19 an buga wasu Linjiloli da ajami. Hujjar masu wannan ra'ayi a fili take: in manufar ita ce mutum ya karanta da kansa, to a ba shi da haruffan da ya riga ya sani.

Ra'ayi na biyu, wanda ya yi rinjaye, shi ne na boko. Masu shi sun ce haruffan Larabci ba su wadatar wajen nuna wasulan Hausa da wasu baƙaƙenta ba, sun ce ɗab'insu yana da tsada, sun kuma yi la'akari da ɗimbin ƙabilun da ba su san ajami ba. Akwai kuma dalilin da ba na fasaha ba: suna ganin duk wanda aka koya wa ajami an buɗe masa ƙofar Alƙur'ani da littattafan malamai. Dokta Walter Miller yana cikin manyan masu goyon bayan boko, kuma Gwamna Lugard ya ɗauki boko a matsayin rubutun Hausa na gwamnati tun farkon mulkinsa. John Edward Philips ya yi nazarin wannan mataki a littafinsa na shekarar 2000. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fara zuwa Nijeriya ne a matsayin ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. G. P. Bargery, mai babban ƙamusun 1934, shi ma da aikin mishan ya fara. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun tabbata ne daga baya a shekarun 1930 a Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin R. M. East.

Wannan tarihi yana bayyana wani ɓangare na ƙyamar da iyaye suka nuna wa makarantar boko. Haruffan sun iso ne a hannun Nasara biyu, mai mulki da mai wa'azi, talaka kuwa ba shi da dalilin rarrabe su. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar boko ba daga Ingilishi aka aro ta ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba. Sunan da kansa hukunci ne da jama'a suka yanke wa sabon rubutun.

6.0 Miller, Isawa da Fassarar 1932

Miller ya koyi Hausa a Turabulus a wurin Hausawa mazauna da mahajjata. A 1900 ya shiga ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano, inda Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, a 1905 kuma Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya. Tun a 1903 Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma magadansa sun fassara alkawarin da hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Da aka taƙaita wa Miller wa'azin fili, sai ƙarfinsa ya koma kan 'yar makarantarsa da teburin fassara.

A 1913 wani al'amari ya auku wanda ya ƙarfafa 'yan mishan a kan aƙidarsu. Wasu mutane suka zo wurin Miller daga cikin jama'ar da ake kira Isawa. Bisa ga ruwayar da aka adana, asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga fifita matsayinsa, har aka kashe shi a kan haka a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da iyakokin Kano da Zazzau. A idon Miller, waɗannan mutane ne da rubutu ya kira tun kafin mai wa'azi ya iso. Masana tarihi irin su Ian Linden sun fi kallonsu a matsayin ƙungiyar da ta tsiro daga cikin Musuluncin ƙasar Hausa na ƙarni na 19, lokacin da zancen Mahadi da dawowar Annabi Isa ya cika ƙasa. Ko ta wace fuska aka duba, jama'a ce da ta saba neman hujja a littafi, kuma da littafi aka karɓe ta. An kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu ɓarna cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 mishan ta tashi daga birni zuwa Wusasa.

A wannan tsakani wasu ƙungiyoyi sun shigo. S.I.M. ta fara yunƙuri a 1893, ta kafu a Patigi a 1902, S.U.M. kuma ta sauka a Wase a 1904. A taron da suka yi a Lakwaja a 1910 suka soma daidaita aikinsu, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su. Fassarar 1932 aikin haɗin gwiwa ce, Miller ne jigonta, tare da wakilan sauran ƙungiyoyi da mataimaka Hausawa waɗanda kunnensu ne ya riƙa tace jimlolin. Daga makarantar Miller da Wusasa aka sami mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

7.0 Zaɓen Kalmomi

Mai fassara ya tarar da Hausa ta riga ta ƙoshi da kalmomin addini daga Larabci. Ba shi da mafita sai ya ɗauka: Allah, annabi, manzo, mala'ika, Shaiɗan, zunubi, tuba, gafara, addu'a, sujada, hadaya. Sunayen annabawa ma haka, Ibrahim da Musa da Haruna da Dawuda da Ayuba. Har rabe-raben littafin da sura da aya ake kiransu. Ta wannan fuska Littafi Mai Tsarki na Hausa yana magana ne da muryar da malaman Musulunci suka gina cikin ƙarnoni.

Amma a wuraren da aƙida ta rabu, sai aka kauce da gangan. An ɗauki Yesu aka bar Isa, an fifita bangaskiya a kan imani, an bar salla ga Musulmi aka riƙe addu'a da sujada. Inda babu kalma sai aka aro daga Girkanci, kamar ikilisiya da baftisma, ko aka faɗaɗa ma'anar kalmar gida, kamar gicciye da ceto da alheri. Barbara Cooper, a nazarinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, inda S.I.M. ta kafa tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ta nuna yadda irin wannan zaɓe ya shata iyaka tsakanin al'ummu biyu masu harshe ɗaya.

Ja-in-jar ba ta ƙare a 1932 ba. Sabuwar fassarar da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar a 1979 ta matso kusa da Hausar gama-gari: ta ce Almasihu inda tsohuwar ta ce Kristi, ta ce Yahaya inda tsohuwar ta ce Yohanna. Wasu masu karatu sun yi maraba, wasu kuwa, musamman waɗanda suka haddace tsohuwar, sun ji kamar an taɓa musu wahayin kansa. A nan aƙidar ta ci karo da kanta, domin addinin da ya ce kowane harshe ya isa ya ɗauki maganar Allah ya wayi gari mabiyansa sun tsarkake lafazin fassara guda. Abin sha'awa kuma, a wannan shekara ta 1979 ce aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ita ma da haruffan boko.

8.0 Waɗanda Suka Karanta

An yi fassarar ne da Hausawan birni a zuci, amma ba su ne suka karanta ta ba. Masarautun Musulmi ba su buɗu ga mishan ba sai a shekarun 1930, shi ma ta hanyar asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da ƙasar Zamfara har su Talata Mafara da Bakura da Maradun, Kiristocin farko galibi baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929.

Masu karatun na haƙiƙa suna Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, sai kuma Maguzawan Kano da Katsina. A waɗannan wurare harsuna sun yi yawa, ba a iya fassara wa kowa nasa, sai aka mai da Hausa harshen coci. A mishan da dama ana sa ran mai neman baftisma ya koyi karatu tukuna, don haka kowace majami'ar ƙauye ta zama ajin yaƙi da jahilci, mai bishara kuwa shi ne malamin. Da Hausa aka horar da masu bishara a makarantu irin ta Kagoro, da ita aka rera waƙoƙin sujada, da ita aka raɗa wa ƙungiyoyin coci suna, kamar Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955. Ta haka Angasawa da Birom da Bajju da Tangale da wasunsu suka shiga karatu da rubutu ta ƙofar Hausa. Wannan ya faɗaɗa harshen ƙwarai, ya haifar da wani salo nasa na coci, amma kuma ya danne ƙananan harsuna, abin da ya sa daga baya aka koma fassara musu nasu.

9.0 Kammalawa

Kiristoci sun ɗauki rubutaccen littafi a matsayin babbar hanyar maganar Allah saboda gadon Yahudawa, da bukatar adana shaidar manzanni, da neman ma'aunin da za a auna kowace da'awa, da kuma imaninsu cewa Ruhun Allah ne ya iza marubutan. 'Yan Furotesta suka ƙara da cewa kowa ya karanta da harshensa. Matsayin bai tsaya cik ba: Cocin Katolika ta ƙarfafa karatun Littafi da harsunan gida bayan babban taron Batikan na biyu da aka rufe a 1965, cocin Fentikos kuma da suka bunƙasa a Nijeriya daga shekarun 1970 sun ba mafarki da annabci fili mai faɗi, ko da yake su ma da aya suke kafa hujja.

A ƙasar Hausa aƙidar ba ta cim ma burinta na farko ba, domin Hausawa sun tsaya a kan addininsu da Littafinsu. Amma ta bar nahawu da ƙamus na farko, ta sa hannu wajen rinjayar boko a kan ajami, ta kuma kai Hausa gidajen da fatauci da sarauta ba su kai ta ba. Har yanzu akwai aiki a gaban manazarta: a kwatanta fassarar 1880 da ta 1932 da ta 1979 jimla da jimla, ta fuskar kalmomi da ginin jimla da karin harshe, domin a cikinsu akwai tarihin shekara 100 na zuben Hausa wanda sassan nazarin harshe ba su ba shi kulawar da ta kamace shi ba.